Wasiƙa: Don Allah ku leƙa mana garin Puttur na ƙasar Indiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne game da shirinku na noma da kiwo, wanda ba na bari ya wuce ni. Kwanakin baya kun tattauna yadda ƙwallon yazawarmu ke fita ɗanye zuwa Asiya, a fasa a can, a gasa, a dawo mana da shi cikin leda da ɗan karen tsada. Baƙonku ya yi ta ambaton Indiya, amma bai kai mu cikinta ba. Mu kuwa da an ce Indiya, fim ne ke faɗo mana a rai, sai kuma asibiti. Shi ya sa nake roƙon ku ware shiri guda a kan wani garin manoma mai suna Puttur, wanda na sani lokacin da nake karatu a birnin Mangaluru.

Puttur na gundumar Dakshina Kannada a jihar Karnataka, tafiyar kilomita 50 da 'yan kai daga Mangaluru, a kan titin da ya nufi Mysuru. Ba wani babban birni ba ne, ƙidayar 2011 ta nuna mutanensa sun ɗan haura 50,000. Kannada ce harshen gwamnati da makaranta, amma a kasuwa da tasha da cikin gida Tulu za ka fi ji, sai Konkani da kuma harshen Beary na Musulmin yankin. Masu jin Tulu sun kai wajen miliyan 1.8, kuma har yau suna fafutukar a sa harshensu cikin jerin harsuna 22 da kundin tsarin mulkin ƙasar ya amince da su. Wanda ya je da ɗan Hindin da ya tsinta a fim yana zaton zai sha hira, zai sha mamaki.

Arzikin garin ya rataya ne a kan areka, wata doguwar bishiya siririya mai kama da kwakwa. Ƙwallonta shi ne goron mutanen can: ana tauna shi da ganye, ana miƙa wa baƙo, ba a neman aure ko wani sha'ani babu shi. Mahaifin wani abokin karatuna yana da gonarta a wajen gari, a nan na ga yadda aikin yake. Kafin damina ta kankama sai mai hawa ya ɗaura igiya a ƙafafunsa, ya haye har ƙololuwa, ya fesa wa nonnan wani shuɗin magani don kada ruɓa ta kama su. Idan ya gama da wannan, ba ya sauka. Da ƙugiya yake janyo ta kusa da shi ya tsallaka, kai da ke ƙasa cikinka na ɗurar ruwa. Masu wannan sana'a sun yi ƙaranci yanzu, manomi kan yi ta bin su yana lallashi. Da kaka kuma tsakar gida takan cika da 'ya'yan da suka nuna, jawur, a shanya su a rana sama da wata guda, sannan mata su zauna a kan wani katako mai lanƙwasasshiyar wuƙa suna ɓarewa ɗaya bayan ɗaya. Maigidan ba ya sayarwa gaba ɗaya. Yakan ɗure a buhu ya ajiye, sai kuɗin makaranta ya taso ko farashi ya yi kyau ya fitar da buhu biyu.

Abin da nake so masu sauraro su ji shi ne dalilin da ya sa yake iya jira. A farkon shekarun 1970 farashin areka ya faɗi warwas, 'yan kasuwa suna saye yadda suka ga dama. Sai manoman Karnataka da na maƙwabciyarsu Kerala suka haɗa kai a 1973, ƙarƙashin jagorancin Varanashi Subraya Bhat, suka kafa ƙungiyar gama-kai da ake kira CAMPCO, wadda ke sayen amfanin 'ya'yanta da kanta ta kuma nemo masa kasuwa. Daga baya aka kwaɗaita wa manoma shuka koko a inuwar areka. Sun shuka, ya yi kyau, sai farashin koko ya rushe a duniya a farkon shekarun 1980, masu saye suka janye hannu. Da a wani wuri ne, da an sare bishiyoyin an yi Allah ya isa. Su kuwa ƙungiyarsu ce ta shiga sayen kokon, kuma a 1986 ta buɗe masana'antar cakulan a Puttur ɗin nan. Har gobe tana aiki. In ka bi ta unguwar, ƙamshin ne zai fara yi maka maraba. Manoman karkara ke nan da masana'antarsu, ranka ya daɗe, mu kuma da muke cikin manyan masu noman koko a duniya har yanzu yawancinsa a buhu yake barin tashar jirgin ruwa.

A wannan shekara ta 1986 ne kuma gwamnatin Indiya ta kafa cibiyar binciken yazawa ta ƙasa a Puttur, inda ake fitar da ingantaccen iri da dashe. A Vittal, nan kusa, akwai tashar binciken areka da koko. Masana'antun fasa yazawa da ke yankin Mangaluru kuwa na gida ba ya isar su, daga Afirka suke cikasawa. Kun ga inda zancen baƙonku ya haɗu da nawa.

Taurin kan manoman nan ba yau ya fara ba. Ƙasar ta ratsa hannun sarakuna iri-iri, har Hyder Ali da ɗansa Tipu Sultan, kafin Turawan Ingila su ci Tipu a 1799. Puttur da garin Sullia da ke kusa sun zauna ƙarƙashin sarkin maƙwabciyar masarautar Kodagu, wanda ke karɓar haraji daga amfanin gona. A 1834 Turawa suka tuɓe shi, suka haɗe yankin da lardin Kanara, suka ce da tsabar kuɗi za a riƙa biya. Manomin da ba shi da kuɗi sai hatsi dole ya faɗa hannun masu ba da bashi. A 1837 tura ta kai bango. Jama'a suka tashi daga wajen Sullia, da jagorori irin su Kedambadi Ramaiah Gowda, suka ƙwace Bellare da Puttur, suka shiga Mangaluru a watan Afrilu suka riƙe ta kwana 13 kafin sojojin Turawa su murƙushe su, aka rataye wasu daga cikin shugabannin. Shekara 20 ke nan kafin babban boren da Indiyawa suka yi wa Turawa a 1857, wanda shi kaɗai aka fi sani a waje.

Game da wuraren gani, tsakiyar garin shi ne tsohon wurin bautar Hindu na Mahalingeshwara, wanda ake yi wa biki kowane Afrilu, da jan keken katako da wasan wuta da dare. A filin gabansa ake yin Kambala, tseren ɓaunayen gida cikin taɓo. Ana haɗa biyu da karkiya, mutum na bin su a guje ba takalmi, ruwa na fallatsa sama, jama'a na ihu har gari ya waye. An sa wa tseren Puttur sunan Koti da Chennaya, wasu tagwaye jarumai na tarihin baka na Tulu, waɗanda aka ce a Padumale aka haife su, cikin wannan yanki. Akwai Balavana, gidan da marubuci Shivaram Karanth ya daɗe a ciki, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Jnanpith a 1977. Akwai tudun Beeramale da ake hango gari daga kansa, da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Bendre Theertha a ƙauyen Irde, ko da yake ita wannan ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Baƙo ba zai wahala ba. Jirgin ƙasa na tsayawa a tashar Kabaka Puttur, bas-bas ba sa yankewa, keke napep kuwa ko'ina. Akwai asibitin gwamnati da masu zaman kansu, da kwalejoji irin su St. Philomena da aka kafa a 1958 da Vivekananda ta 1965, ga shagunan zinariya birjik, alamar inda kuɗin areka ke zuwa. Masallatai na nan, abincin halal ba ya wuya, sai dai wanda bai saba da shinkafa safe da rana da dare ba zai yi kewar tuwo.

Kada ku ce na zo tallar garin. Hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa areka cikin abubuwan da ke haddasa sankarar baki, kuma mutanen Puttur ba sa son a taɓo wannan magana ko kaɗan. Ga cutar da ke mayar da ganye rawaya tana cinye gonaki a wajen Sullia, ga gonakin shinkafa da yawa an mayar da su na areka saboda ta fi kawo kuɗi. Garin da ya ɗora komai a kan bishiya ɗaya yana cikin haɗari, ya kamata shirin ya faɗi wannan ma.

Idan za ku tura wakili, ya guji Yuni zuwa Satumba, don ruwan can ba ya ɗaukewa. Ya je tsakanin Disamba da Maris, lokacin shanya da tsere. Kuma don Allah ya tambayi shugabannin ƙungiyar nan yadda suke zaɓe, da wanda ke binciken asusunsu, da yadda aka yi kuɗin manoma ya shekara 50 bai bi ta aljihun wasu ba. Amsar nan ce 'yan ƙungiyoyin manomanmu za su kasa kunne su ji.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Zariya