Sanarwa: Tafiyar Yankari

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tafiyarmu ta Yankari tana nan ranar Asabar. Mota za ta tashi bayan sallar Asuba, don Allah kada a makara.

Yanzu rani ne, dabbobi na taruwa bakin kogin Gaji, in da rabo mu ga giwaye. Ni dai ruwan Wikki ne ya fi jan raina: ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana, garau har kana hango yashin ƙasa. Ku zo da tawul da kayan canji. Iyaye, a riƙe yara sosai, akwai wurare masu zurfi.

Gwaggon biri kuwa, da ya ga leda a hannu sai ya fizge. A bar abinci cikin mota, kuma kada a zubar da shara a dajin.