Zuwa ga abokan cinikinmu: dalilin ƙarin kuɗi da jinkiri a takalman kork

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, alhazai da hajiyoyi masu sayen takalma a wurinmu, muna gaishe ku da fatan kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya. Allah Ya saka da alheri bisa haƙurin da kuka yi da mu a 'yan watannin nan.

Abu biyu ne suka sa muka rubuto. Na farko, daga farkon wata mai kamawa kuɗin takalmanmu masu shimfiɗar kork, wato ɓawon wata bishiya da muke sayowa daga waje, zai ƙaru. Na biyu, wanda ya ba da awon ƙafarsa a ɗinka masa zai ɗan jira fiye da yadda aka saba, domin kayan da muka yi oda ba su iso da yawan da muka nema ba. Sauran takalma, masu ƙasan fata da masu ƙasan roba, suna nan a kuɗinsu.

Mutane da dama sun ba mu shawara, cikin ƙauna, mu bar kork ɗin nan mu koma soso irin wanda ya cika kasuwa, tunda daga nesa ba mai bambancewa, kuɗin kuma zai sauka. Mun zauna da dukawanmu mun tattauna, muka yanke cewa ba za mu yi haka ba. Amma wanda zai ƙara zura hannu a aljihu ya cancanci ya san abin da yake takawa, da inda ya fito, da abin da ya sa ba a iya gaggauta shi.

Kork ɓawon bishiya ne. Masana suna kiran bishiyar Quercus suber, kuma gidanta ƙasashen yammacin Bahar Rum ne: Fotugal, Sifen, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, kudancin Faransa da wasu sassan Italiya, musamman tsibirin Sardiniya. Dazuzzukanta a duniya sun ɗan haura hekta miliyan 2, kashi ɗaya cikin uku yana Fotugal, sannan kusan rabin kork ɗin da ake girbewa a shekara daga can yake fitowa. Namu ma daga can muke saye. A nahiyarmu akwai dajin Mamora tsakanin Rabat da Kenitra a Maroko, inda 'ya'yan bishiyar suke da zaƙi har ana sayar da su a bakin titi, akwai kuma duwatsun Ain Draham a arewa maso yammacin Tunisiya.

A kudancin Fotugal, a yankin Alentejo, ba daji ne mai duhu ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe, bishiyoyin a warwatse, kowace da inuwarta, kamar yadda gawo da ɗorawa suke tsaye jefi-jefi a gonakinmu ana noma a ƙarƙashinsu. Mutanen wurin suna kiran irin wannan ƙasa montado, 'yan Sifen kuma suna ce wa tasu dehesa. A ƙarƙashin bishiyoyin tumaki da shanu suna kiwo, da baƙaƙen aladun da mutanen can ke kiwatawa da 'ya'yan itacen. Wasu suna shuka hatsi ko ciyawa a tsakani, wasu suna ajiye amya. Rani a can yana da zafi da bushewa ƙwarai, ƙasar kuma ba mai ƙarfi ba ce, to kuɗin ɓawon nan ne ke riƙe manomi ya bar bishiyar a tsaye. In kork ya rasa kasuwa, mai gona zai fara tunanin wani abin da zai fi saurin kawo masa kuɗi.

Tambayar da aka fi yi mana a shago ita ce: ai sassaƙe yana kashe bishiya, ya ake yi wannan ba ta mutuwa? Tambaya ce mai ma'ana, domin duk mun ga maɗacin da masu neman magani suka zagaye da gatari har ya bushe. Bambancin shi ne ita wannan bishiya ɓawonta hawa biyu ne. Na waje, mai kauri, shi ne kork, kuma ba ta cikinsa abincin bishiya ke bi ba. A ƙarƙashinsa akwai wani siririn ɓawo mai rai, wanda masu aikin ke kira uwa. Matuƙar ba a ji wa uwar ciwo ba, za ta sake haifar sabon kork. In kuwa gatari ya zarce ya yanke ta, tabon yana nan har ƙarshen ran bishiyar, wurin ba zai ƙara ba da kaya mai kyau ba.

Shi ya sa har yau hannu ne ke yin mafi yawan aikin. Ana ɓare bishiya daga tsakiyar Mayu zuwa Agusta, lokacin da take tsakiyar girma, ruwa yana gudana a jikinta, ɓawon yana sakin jiki. Masu ɓarewa sukan yi aiki bibbiyu, da gatari mai faɗin baki wanda aka fiƙe ƙarshen ƙotarsa. Mutum zai nemi tsaga mafi zurfi a jikin ɓawon ya sara daga sama zuwa ƙasa, ya ɗan murɗa bakin gatarin. Da kunne yake gane abin da ke ciki: in saran ya ba da amo kamar akwai rami a ciki, ɓawon zai fita lafiya, in kuwa ya ji ƙara gajeriya a bushe, to ɓawon ya kama, sai a bi a hankali ko a bar bishiyar. Daga nan ya yi sara a kewaye daidai inda zai tsaya, ya cusa ƙarshen ƙotar tsakanin kork da uwa, ya ɓamɓaro falle guda, wani ya fi mutum tsawo. Iyakar girman falle, iyakar darajarsa, don haka gwani ba ya yarda ya karye masa. Jikin bishiyar da aka ɓare yakan fito rawaya-rawaya, ya koma ja, sannan ya yi duhu da tafiyar watanni. Kafin a bar wurin sai a rubuta lambar ƙarshe ta shekarar da farin fenti a jikinta. Bishiyar da aka rubuta wa 4 a 2024, ba mai sake ɗora mata gatari kafin 2033.

Wannan shekara tara doka ce a Fotugal, ba ganin dama ba. Haka nan ba a yi wa bishiya ɓarar farko sai kaurinta ya kai santimita 70 in an zagaya ta da igiyar awo a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, abin da kan ɗauki kimanin shekara 25. Ɓawon farkon ma gautsi ne da shi, duk kwazazzabai, niƙa shi ake yi. Na biyu ya ɗan fi. Sai a na uku, bishiya ta haura shekara 40, ake samun kork mai sumul da ake nema. Daga nan tana iya kaiwa shekara 200 tana bayarwa, sau goma sha biyar ko fiye. Mutanen can suna da karin magana cewa mai tunanin jikokinsa shi ke dasa wannan bishiya. Laifi ne a sare ta ba tare da izinin hukuma ba, kuma a watan Disamban 2011 majalisar dokokin ƙasar ta ayyana ta a matsayin bishiyar ƙasa. Akwai wata a ƙauyen Águas de Moura, kusa da Palmela, da aka dasa a 1783, an ɓare ta fiye da sau 20, a 1991 kaɗai ta ba da kilo 1,200. Bishiya ta yau da kullum kilo 40 zuwa 60 take bayarwa a ɓara guda, ana sayarwa da ma'aunin da suke kira arroba, mai kilo 15.

Bayan an kwaso fallayen ma ba a gama jira ba. Ana jibge su a fili, rana da iska da ruwan sama su bi ta kansu na aƙalla wata shida. Sannan a dafa su a tafasasshen ruwa kimanin awa guda, su tsabtata, su kumbura, su miƙe, a bar su su huta na wasu makonni kafin a tantance. Yawancin masana'antun suna arewacin ƙasar, a Santa Maria da Feira kusa da Porto.

A nan akwai maganar da ya kamata ku ji daga bakinmu. Kork mafi tsada marfin kwalabe ake yi da shi, galibi kwalaben giya, kuma wannan kasuwar ce ke yanke farashi ga kowa. Wasu iyayenmu sun nuna damuwa da suka ji haka. Abin da muke saye shi ne ragowar fallen bayan an huda an cire marafan, tare da ɓawon farko da na biyu, a niƙa su a matse da ƙaron roba. Daga bishiya ya tafi masana'anta, daga masana'anta ya zo mana, bai taɓa kusantar kwalba ba. Mun tambayi masu sayar mana a kan wannan tun kafin mu fara ciniki da su, domin da mu da ku duk da takalman nan muke zuwa masallaci.

To me ya kawo tsadar? Fari ne a kan gaba. A 2022 Fotugal da Sifen sun ga fari mai tsanani, kuma bishiyar da ta sha ƙishirwa ba ta sakin ɓawonta. Manomi mai hankali ba zai tilasta mata ba, zai ɗage zuwa baɗi, don haka abin da ya shiga kasuwa ya ragu, farashi ya tashi. Masana'antar soso in kasuwa ta buɗe sai ta ƙara injin. Mai bishiyar kork ba shi da wannan dama: ko yau ya dasa, sai bayan shekara 25 gatari zai fara taɓa ta. Ga cututtukan saiwa da ƙwarin da ke huda ɓawo, waɗanda suka fi samun galaba a kan bishiyar da fari ya raunana. Inda dabbobi suka yi yawa kuma suna cinye 'yan tsirrai kafin su tasa, inda aka yi huɗa mai zurfi da tarakta ana datse saiwoyi. Matasan ƙauyukan suna tafiya birane, masu iya riƙe gatarin suna tsufa, ladansu yana hawa, kuma a ganinmu sun cancanci abin da ake biyansu. A kan duk wannan sai ga namu na gida: da yuro muke biya, kun kuma san halin da naira ta shiga tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023, ga kuɗin jirgin ruwa, ga na fito a tashar Legas, ga na motar da za ta kawo kaya Kano. Mun daɗe muna shanye bambancin daga ribarmu, yanzu abin ya fi ƙarfinmu.

Dalilin da ya hana mu komawa soso kuwa yana ƙarƙashin ƙafarku. Kork cike yake da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna rufaffu masu iska a ciki, kimanin miliyan 40 a gutsuren da bai wuce santimita ɗaya ta kowace fuska ba. A jikin kork ne ma masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya fara ganin irin waɗannan ɗakuna da madubin ƙara girma, ya wallafa bayaninsu a 1665. Su ne suka sa ba shi da nauyi, ba ya saurin shan ruwa, ba ya kuma saurin ɗaukar zafi, abin da duk mai taka kwalta da azahar a watan Afrilu zai yaba. In an taka shi yana lotsawa ya dawo, a hankali kuma ya ɗauki siffar tafin ƙafar mai shi. Soso yana da laushi a makon farko, bayan 'yan watanni ya kwanta ya zama faifai, diddige ya karkace. Yawancin masu sayen wannan takalmi a wurinmu dattawa ne, da malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da 'yan kasuwa masu wuni a tsaye. Ba za mu ɗora fatar akuya mai kyau da majemanmu suka wahala a kanta bisa abin da muka san zai ba su kunya ba. Araha ba ta ado.

Ga abin da muka tsara. Duk wanda ya riga ya ba da kafin alƙalami, a tsohon kuɗi zai karɓi takalminsa, ko da aikin ya shiga wata mai zuwa. Wanda jiran ya yi masa yawa, ya zo a mayar masa da kuɗinsa cif, ba tare da wata magana ba. Masu son na Sallah ko na biki, don Allah a kawo awo da wuri, domin za mu bi layi ne bisa wanda ya riga zuwa. Sabon farashi yana manne a shago, za mu kuma tura wa masu saro da yawa ta WhatsApp.

Wanda kuma yake da tsohon takalminmu, kada ya yar. In robar ƙasa ce ta cinye, a kawo mu canza ta tun kafin cin ya kai ga kork, domin shimfiɗar da ta riga ta saba da ƙafarka ta fi sabuwa daɗi. In gefen ya fara bushewa yana marmashi, muna shafa masa gam mai kare shi, kyauta ne ga duk wanda ya saya a wurinmu. Da damina kada a bar shi ya kwana cikin ruwa. In ya jiƙe, ko da ruwan alwala ne ya yi masa yawa, a ajiye shi a inuwa ya sha iska, kada a shanya a rana, kada a kai kusa da murhu, kada kuma a bar shi cikin rufaffiyar mota da rana.

Ƙofarmu a buɗe take ga duk mai ƙorafi ko shawara. Akwai guntun ɓawon kork ɗanye a kan teburin shago, wanda yake son ya ga yadda yake kafin a niƙa shi, ya tambayi yaran su miƙo masa.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa albarka a kasuwancinmu da naku.

Wassalam,
Masu shago da dukan ma'aikata