Ba Hausar gida ce ke kayar da yaranmu a Turanci ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a Zariya, inda wasu iyaye ke hana 'ya'yansu yin Hausa a gida, wai don Turancinsu ya nuna. Damuwarsu tana da dalili, domin yaron da bai samu kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ba, sai dai ya riƙa hango Jami'ar Ahmadu Bello daga bakin titin Samaru. Sai dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki.

A Sabon Gari, yaron Bayarabe ko na Ibo yana tashi da yaren iyayensa a gida, ya yi ciniki da Hausa a kasuwa, ya yi buroka da abokansa, kuma duk wannan bai hana shi Turancin aji ba. A Wusasa ma, inda Janar Yakubu Gowon ya tashi, Hausa ce harshen gida da na coci, amma unguwar ta yi suna da 'yan boko tun zamanin Turawa. Haka nan gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, wanda aka koyar da yara da Yarbanci har shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba.

A ajin firamaren da nake koyarwa, abin da na fi gani shi ne yaron da zai rera gaisuwar safe da Turanci tiryan-tiryan, amma in ka ɗora yatsa a kan kalma guda a allo ka ce ya karanta, sai ya sunkuyar da kai. Hadda ce kawai, bai iya haɗa baƙi da wasali ba, da Hausar balle da Turancin. Wanda ya iya karanta Hausa kuwa, rabin aikin ya ƙare, saura a ƙara masa kalmomi da nahawu. Abin takaici, a garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, yau akwai makarantun kuɗi da monita ke rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a ci shi tara, alhali Turancin wasu malaman nasu ma yana neman gyara.

Saboda haka ina kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Kaduna da ta horar da malaman aji ɗaya zuwa uku a kan koyar da karatu, ta kuma wadata azuzuwa da ƙananan littattafan labarai cikin harsunan biyu. Masu makarantun kuɗi kuma su soke tarar nan, su kashe kuɗi wajen ɗaukar ƙwararrun malaman Turanci.

Wassalam.

Wani malamin firamare,
Tudun Wada, Zariya.