Rahoton Ayyukan Shekara: Na'urar Auna Zafin Yogot da Batun Kuɗin Wata

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

An gudanar da tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Babban abin da ƙungiyarmu ta masu yin yogot ta sa a gaba a bana shi ne na'urar auna zafi da kwamitin fasaha ya haɗa da hannunsa, domin kowa a cikinmu ya san asarar da ake tafkawa idan aka dogara da tsoma yatsa a cikin madara. Ƙwayoyin irin yogot sun fi aiki tsakanin digiri 42 zuwa 45 a ma'aunin Celsius, kuma idan zafi ya yi musu yawa sai su mutu, idan kuwa ya sauka, kamar a daren hunturu, sai gari ya waye madara ba ta yi barci ba. Kwamitin ya yi amfani da allon Arduino Nano (wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ke sarrafa na'urar), da tsinken awo na DS18B20 mai bakin ƙarfe wanda ruwa ba ya shiga, da rizista (ɗan abin da ke rage gudun lantarki) mai om 4,700 tsakanin wayar saƙo da wayar wuta, da ƙaramin gilashi mai layi biyu da ke nuna lamba, da 'yar ƙararrawa da ke kuka idan zafin ya kauce. Da batirin cajin waya take aiki, saboda haka ɗauke wuta ba ya tsayar da ita.

Ranar gwajinta ita ce ranar da ƙungiya ta fi fita kunya a bana. An fara tsoma tsinken a cikin kofin ruwa cike da ƙanƙara, gilashi ya nuna sifili, aka yi tafi. Da aka mayar da shi cikin tafasasshen ruwa sai ya tsaya a 98 da ɗoriya, nan take aka fara gunaguni cewa na'urar ta yi ƙarya, har sai da shugaban kwamiti ya bayyana cewa Kano tana kan tudu idan aka kwatanta da gaɓar teku, don haka ruwa ba ya kai 100 kafin ya tafasa a nan. Daga nan aka dafa madara zuwa digiri 85, aka bar ta tana hucewa. Ɗaya daga cikin iyayenmu mata, wadda ta girme mu duka a sana'ar, ta tsoma ɗan yatsanta ta ce a zuba iri, alhali gilashi yana nuna 51. Aka raba madarar bokiti biyu, ɗaya aka bi Hajiya, ɗaya aka jira 43, aka rufe su a kula. Bayan la'asar na biyun ya kama har cokali yana tsayawa a ciki, na farkon kuwa ya tsinke. Hajiya ce ta fara rubuta sunanta a jerin masu son na'urar.

Game da alƙawarin sauya allon zuwa ESP32 (allon da ke iya haɗuwa da wayar hannu ba tare da igiya ba) domin a riƙa ganin zafin a waya, da kuma haɗa makunnin da zai riƙa kunna abin ɗumama da kansa, ba a yi ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu ya tashi, asusu kuma babu komai, domin waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabin membobi ba. Ni da ma'aji mun gaji da bin mutane gida-gida kamar masu bin bashi, alhali aikin sa kai muke yi. Abin da ya fi ciwo shi ne, waɗanda ba a ganin ƙeyarsu a taro su ne suka fi kira suna tambayar yaushe tasu na'urar za ta iso.

Kwamitin zartarwa ya yanke cewa ba za a ba kowa aron na'urar ba sai wanda ya kammala biyan abin da ake binsa, kuma duk wanda bai biya ba kafin taron wata mai zuwa za a cire sunansa daga jerin.

Sakatare