Usur kaɗai ba ya mai da mutum koci

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim. Shekara goma sha huɗu ke nan ina koya wa yaran garinmu ƙwallo bayan la'asar, a filin da mata ke sussukar gero idan kaka ta yi. Yanzu duk saurayin da ya sayi usur a kasuwa sai ya ce a kira shi koci. Kuma duk cikinsu gaba suka sani. Ka tambaye shi inda ɗan baya zai tsaya idan an bugo kwana, sai ya hau kame-kame.

Ɗan yayana da ke karatu a Amurka ne ya ƙara tsokano mini wannan magana. Ya turo mini bidiyon ƙwallon jami'o'insu ta WhatsApp, wadda ake runguma a ruga da ita, kowa da hular kwano. Da farko dambe na ɗauka. Da ya yi mini bayani na gane cewa masu kai hari daban, masu tsaro daban, kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya da nasa masu horarwa. Akwai babban kocin tsaro, a ƙarƙashinsa akwai na layin gaba, da na tsakiya, da na can baya.

Yadda mutum ke kaiwa wannan kujera shi ya tsaya mini a rai. Ɗauki Nick Saban, shahararren kocin wannan ƙwallon ta jami'o'in Amurka. Ɗan baya ne a jami'ar Kent State, a can ya fara a 1973 a matsayin ƙaramin mataimaki, irin waɗanda ke kwana suna nazarin faifan wasan abokan hamayya a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya yi ta ɗaure kaya daga jami'a zuwa jami'a: Syracuse, West Virginia, Ohio State. A Ohio State ma sallamarsa aka yi bayan kakar 1981. A 1983 ya zama kocin tsaro a Michigan State, amma bai riƙe ƙungiya tasa ta kansa ba sai 1990 a Toledo. Shekara goma sha bakwai yana yaron wani! Daga baya ya ci kofin ƙasa sau bakwai, ɗaya a jami'ar jihar Louisiana (LSU), shida a jami'ar Alabama, kafin ya ajiye aiki a Janairun 2024. Wani kocin kuwa, Kirby Smart, shekara takwas ya yi yana riƙe masa tsaro a Alabama, sannan ya koma Georgia ya ci kofin 2021 da na 2022.

Ai mu ma haka muka sani a gida. Ɗan maƙeri zuga-zugi yake fara ja kafin a ba shi guduma. Marigayi Stephen Keshi ma ɗan baya ne, ya yi mataimaki, ya horar da Togo da Mali, sannan ya ɗauko mana kofin Afirka a 2013.

Bara wata ƙungiya a maƙwabtanmu ta kori kocinta saboda an ci su biyu a wasan Sallah, aka miƙa wa wani yaro don yana da babbar waya. Wasa na gaba biyar suka sha.

Ni dai samari biyu na ɗauka. Ɗaya yana ɗaukar buhun ƙwallaye yana zana fili da toka, ɗayan na ba shi 'yan baya huɗu da littafi, ya riƙa rubuta ta inda aka ci mu. Yana ta ƙorafi wai aikin ba armashi. Na ce masa, ɗana, ka cika littafin nan tukuna, sai mu yi maganar usur.

Edita, ku turo wakilinku na wasanni ya zo ya ga irin waɗannan yara, kafin a fara shanya gero a filin.

Naka,
Malamin firamare mai horar da yara,
Ringim, Jihar Jigawa