Wasan Koriya da ya cinye mana dare a banza

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daga unguwar Karantina a Jidda nake rubutowa. Ƴata ce ta ja ni kallon wani wasan Koriya ta Kudu mai kashi 16, muna bin fassarar Larabci bayan sallar isha'i. Kashi huɗu na farko sun yi armashi, har shayina ya huce ban sani ba.

Daga nan labari ya watse. Jarumin, wanda ƴata ta ce asalinsa mawaƙi ne, fuskarsa ɗaya ce ko albishir aka yi masa ko rasuwa. Mahaifiyarsa ta cika a asibiti, shi yana tsaye kamar mai jiran tasi. Can kuma babbar mota ta buge budurwar, ta farfaɗo ta manta kowa. Haba! Ana tsakiyar kuka sai a nuno mana kwalbar man shafawa, sunan kamfani a fili.

A Koriya wasu wasannin ana ɗaukarsu ne ana haskawa, shi ya sa ƙarshe ke fita a gurguje. Ni dai a kashi na 12 na haƙura. Ƴata ta ƙarasa, ta fito ɗaki tana tsaki.

Wata mai karatu, Jidda