Na'urar Daidaita Bugun Zuciya: A Tambayi Likita Faɗin Zanen ECG

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi bayani a kan wata hanyar jinyar gazawar zuciya wadda masu ciwon da iyalansu ba su cika jin labarinta ba, alhali gwajin da ke nuna wanda ya dace da ita, wato ECG mai zana saƙon lantarkin zuciya a kan takarda, yana cikin gwaje-gwaje mafi sauƙi a asibiti.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jinyar yayana. Ciwon ya kai shi ga ba ya iya kwanciya sai an jera masa matasai uku, daga baya ma sai a kujera yake kwana, domin da zarar bayansa ya taɓa katifa numfashi ya sarƙe. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga, kuma idan ka danna yatsa a ƙwaurinsa sai ramin ya daɗe bai cike ba. Magani kuwa bai taɓa fashin sha ba. Muna cikin wannan hali ne wani likitan zuciya ya shimfiɗa takardar ECG a kan tebur, ya ƙirga ƙananan gidajen da ke jikinta da bakin biro, sannan ya ce mana ban da raunin da zuciyar ta yi, sassanta ma ba sa matsewa a lokaci guda.

Ga yadda na fahimci bayanin nasa. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, kuma ɗakin ƙasa na hagu shi ne ke harba jini zuwa jiki baki ɗaya. Saƙon lantarki ne ke umartar tsokar zuciya ta matse, kuma a lafiyayyar zuciya yakan isa ko'ina kusan lokaci ɗaya. Idan hanyar saƙon ta ɓangaren hagu ta toshe, sai ya yi zagaye, bango ɗaya ya matse yayin da ɗaya bangon bai ma samu labari ba. Mutum ya kwatanta jakar roba cike da ruwa da yake son matsewa da hannu biyu: idan hannun dama ya riga na hagu, ruwan zai yi ta kai da komo a ciki, kaɗan ne zai fita ta baki. Zuciyar da dama ta raunana, ga kuma wannan asarar ƙarfi, dole ta ƙara buɗewa ta ƙara gajiya.

Jinyar da likitoci ke kira CRT a taƙaice ita ce ke gyara wannan saɓani. Ana dasa ƙaramar na'ura mai batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, ƙasa kaɗan da kafaɗa, a zura siraran wayoyi ta jijiyar jini, galibi guda uku: ɗaya zuwa ɗakin sama na dama, ɗaya zuwa ɗakin ƙasa na dama, ta ukun kuma, wadda ta fi wuyar sakawa, a bi da ita ta wata jijiya da ke bayan zuciya har ta kwanta a bangon ɗakin hagu. Daga nan na'urar ke aika saƙo ga ɓangarorin biyu su matse tare. Ba a tsaga ƙirji, kuma yawanci allurar kashe zafi ake yi a wurin da za a yanka.

An fara dasa wa mutum na'urar bugun zuciya a cikin jiki a 1958 a ƙasar Suwidin, amma aikinta a lokacin shi ne taimakon zuciyar da ke bugu a hankali. A 1994 likita Serge Cazeau da abokan aikinsa a Faransa suka ba da rahoton amfani da ita wajen haɗa bugun ɗakunan zuciyar da ta gaza, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da hanyar a 2001. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce binciken CARE-HF da aka yi a Turai aka wallafa a 2005, mai ɗauke da marasa lafiya 813. Cikin kimanin shekara biyu da rabi, kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka bari da magani kaɗai sun rasu, a tsakanin waɗanda aka ƙara wa na'urar kuwa kashi 20 ne.

Sai dai a nan ne ya kamata a yi hattara, kuma a kan haka na fi son a ji ni. Na'urar ba ta kowane mai gazawar zuciya ba ce. Wanda ya fi amfana shi ne wanda hoton zuciya ya nuna ɗakinsa na hagu ba ya fitar da fiye da kashi 35 cikin ɗari na jinin da ke ciki a kowane bugu, wanda ke da toshewar hanyar hagu, wanda faɗin zanen da ake kira QRS a takardarsa ta ECG (zanen da ke nuna lokacin da saƙon lantarki ke ɗauka kafin ya ratsa ɗakunan ƙasa) ya kai milisakan 150 ko fiye (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), kuma ya sha cikakken magani na aƙalla wata uku ba tare da alamun ciwon sun lafa ba. Wanda zanensa siriri ne, ƙasa da milisakan 130, ba a yi masa, domin binciken EchoCRT na 2013 ya nuna ba ta amfane su ba, har mace-mace suka fi yawa a cikin waɗanda aka kunna wa ita. Ko a cikin waɗanda suka cancanta, kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya samun sauƙin da aka yi fata. Akwai kuma haɗarin ƙwayoyin cuta su shiga wurin dashen, ko waya ta goce, ko ta riƙa taɓa jijiyar numfashi har mutum ya ji motsi kamar shaƙuwa, abin da sau da yawa ake gyarawa ta hanyar sauya saitin na'urar ba tare da sabon yanka ba.

Yayana na cikin waɗanda Allah ya sa suka dace. Bayan 'yan watanni ya koma kwana da matashi ɗaya, yana takawa zuwa bakin titi ya dawo ba haki. Bai daina shan ko ƙwaya ɗaya daga magungunansa ba, yana zuwa a duba batir da wayoyin a kan kari, kuma ba ya saka wayar salula a aljihun rigar da ke saman na'urar.

Abin da ke damuna har yau shi ne takardun ECG ɗinsa na baya, waɗanda muka adana a jaka shekara da shekaru, duk suna ɗauke da wannan faffaɗan zane, amma babu wanda ya yi mana bayaninsa, mu ma ba mu san za mu tambaya ba. Don haka nake kira ga duk mai jinyar wanda zuciyarsa ta gaza ya tambayi likita abu biyu: kashi nawa na jini zuciyar ke fitarwa, kuma nawa ne faɗin QRS. Ina kuma roƙon likitocin da ke fara ganin irin waɗannan marasa lafiya su tura su ga ƙwararren likitan zuciya da zarar sun ga zanen ya yi faɗi.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum